Yadda Mutanen Kan Iyaka Za Su Tsaya wa Maƙwabcinsu Cikin Lumana

A Kamba da Lolo da Tsamiya, garuruwan kan iyaka a jihar Kebbi, ba abin mamaki ba ne a sami mutumin da mahaifiyarsa 'yar Gaya ce ta Nijar, mahaifinsa kuma ɗan Dandi, domin Dandawa da Zabarmawa da Hausawa sun riga iyakar zama a wurin. Shi ya sa ranar da jami'an shige da fice suka fito kamen baƙin haure, ana iya jefa ɗan ƙasa a mota don kawai ba ya da takarda a aljihu.

Shirin yana farawa tun kafin ranar. Mai unguwa ya matsa wa kowane magidanci ya karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN, a ajiye kwafi wurin dagaci. A kuma sani cewa sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai a matsayin ɗan ƙasa, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Baƙon da ya fito daga Jamhuriyar Benin da takardar tafiya yana da kwana 90 ba tare da biza ba, bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979.

Idan jami'ai sun iso, dattawa ne za su fito gaba, matasa su koma baya, kuma wannan shi ne wuri mafi wuya, domin dutse ɗaya ya isa ya mayar da mai gaskiya mai laifi. Kada a taɓa jami'i, kada a tare mota, kada a miƙa cin hanci. A rubuta sunan wanda aka kama, da lokaci, da lambar motar, a tambayi inda za a kai shi. Wanda lamirinsa bai yarda ya nuna gidan maƙwabcinsa ba, ya faɗi haka a fili ba tare da ƙarya ba, ya kuma san cewa ana iya tafiya da shi, ya amince da hakan tun farko.

Daga nan a sanar da hakimi, a nemi lauya a ranar. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauyansa, ya kuma wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kotu ce ta dawo da Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, bayan an kore shi zuwa Chadi a 1980 da sunan baƙo ne.

Idan an ƙi sauraro, sashe na 40 ya halatta taro cikin lumana. 'Yan kasuwa na iya rufe rumfuna na yini guda, tare da buƙata ɗaya a rubuce, wato a saki wane ko a kai shi gaban alƙali, a kuma aika kwafinta ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Birnin Kebbi.