Darasi na Bakwai: Arzikin Ƙasa, Mai Dawowa da Mai Ƙarewa

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Mile 12 ya ga manyan motoci suna sauke tumatir da albasa da doya. A mayankar Oko-Oba ta Agege shanu ne ke shigowa kullum. A bakin ruwan Legas kuma ga masunta, ga masu haƙar yashi. Tushen duk waɗannan sana'o'i shi ne arzikin ƙasa, wato abin da Allah ya ajiye a tudu ko a ruwa ko a ƙarƙashin ƙasa, ɗan Adam ya tarar da shi.

Masana sun raba shi gida biyu. Na farko mai ƙarewa ne: ɗanyen mai, iskar gas, kwal, kuza, zinariya, da dutsen da ake yin siminti da shi. In an haƙe, shi ke nan, ko jikokin jikokinmu ba za su ga ya sake taruwa ba. An gano kwal a Inugu a 1909, an gano mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958.

Na biyu mai dawowa ne: ruwa, itatuwa, kifi, dabbobi, ƙasar noma, hasken rana. A nan nake so ku nutsu, domin sunan yana ruɗar mutane. Ban da hasken rana, yana dawowa ne kawai idan an ba shi lokaci. Masuncin da ya jefa raga mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, baɗi kuma ya dawo da kwalekwale babu komai. Gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba taki ba hutu takan gaji. Da yawanmu mun san dajin da aka sare a gida don itacen girki da gawayi, yanzu sai rairayi.

To, yaya ake bunƙasa arzikin? Ta hanyar sarrafa shi kafin a sayar. Shekaru da dama Najeriya tana sayar da ɗanyen mai, ta sayo tataccen fetur da tsada daga waje. Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2023, an gina ta don tace ganga 650,000 a rana. Amma kada ku ɗauka sai mai biliyoyi ke iya wannan. Tumatirin da zai ruɓe a kwando, in an yanka an shanya ya zama kauɗa mai kaiwa watanni. Fatar saniya da ake babbakewa a ci ganda, in ta shiga hannun majema da dukawa sai ta fito takalmi da jaka, kuɗinta ya ninka. 'Yan jari-bola ma, da wasu ke rainawa, aiki babba suke yi, domin ƙarfen da suka tsinto ana narka shi a sake amfani da shi, an rage haƙo sabo ke nan.

Aikin gida: kowa ya rubuta abubuwa biyar da yake taɓawa a sana'arsa, ya sa M a gaban mai dawowa, Ƙ a gaban mai ƙarewa. Sannan ku tattauna da na kusa da ku: yashin da ake haƙowa daga ruwan Legas, a wane gida za ku sa shi, kuma don me?