Yadda ake cire kakin da ke jikin lemo kafin a goga ɓawonsa

Yan uwa mata mazauna Jidda da Makka, musamman masu yin kek da biskit na sayarwa, lemon nan da muke ɗaukowa a shagunan Panda ko Bin Dawood ko halaga (kasuwar kayan lambu) yana ta sheƙi kamar an shafa masa mai, wannan ƙyallin ba nasa bane. Yawancinsa daga Masar da Turkiyya da Afirka ta Kudu ake kawo shi, kuma idan an tsinko ana wanke shi, wankin sai ya tafi da kakinsa na asali, shine kamfani ke fesa masa wani don kar ya yamushe a hanya. Wani na ganyen bishiyar karnuba ne ta Barazil, wani kakin zuma, wani kuma shelak da ake samu daga wani ɗan ƙwaro a Indiya. In matse ruwan zaki yi ba ruwanki, amma in ɓawon zaki goga cikin kwaɓi toh dole ki tsaya ki cire, tunda sau da yawa a cikin kakin ake gauraya maganin hana ruɓewa irin su imazalil.

Da farko ki ɗauki iya wanda zaki yi aiki dashi yau kawai, ki ɓare yar takardar da ke manne a jiki. Ki jera su a kwalanda ki ajiye cikin wurin wanke-wanke, kar ki tara su kan juna. Sai ki tafasa ruwa ki sauke ya ɗan huce kamar minti 1, ki riƙa kwarara musu a hankali kina juya su da cokali yadda ko ina zai samu.

Anan ne mutane ke ɓata abun. Wata sai ta jefa lemon cikin tukunya tana tafasa ta barshi wai don ya fita sosai, alhali ƙamshin da kike nema mai ne da ke cikin ƙananan ramukan ɓawon, in ya daɗe a wuta ɓawon zai yi laushi man ya bi ruwa, ki goga kiji ba komai sai ɗaci, asarar lemo da asarar kek gaba ɗaya. Sakan 10 zuwa 15 sun isa wallahi. So ake kakin ya saki kawai ba wai a dafa lemon ba.

Tun yana da ɗumi ki ɗauki burushi mai tsafta, sabon burushin haƙori ma yayi, ki dirje shi ƙarƙashin famfo, ki fi maida hankali wajen gindin da hancin don nan yake taruwa. Ki ɗauraye da ruwan sanyi ki goge da tawul sosai. Zaki ga sheƙin ya dushe, in kin shafa yatsa kiji ɗan kaushi ba santsi, in kin karta da farce ba farin abu da zai fito. In har yana fitowa ki sake.

Ƙananan lemon tsami masu siririn ɓawo basa son zafi, su sai ki haɗa khal (vinegar) kofi 1 da ruwa kofi 3 ki jiƙa su minti kaɗan ki dirje. Sabulun wanke-wanke kam kar ki sa, ɓawon yana riƙe warinsa.

Ki bari ya bushe ƙarau kafin ki sa a greta, jiƙaƙƙe cakuɗewa yake yi. Ki goga saman mai launi kaɗai, da kin hango fari ki juya, farin ne mai ɗaci. Wanda ya rage ki sa a firij ki matse shi cikin kwana biyu uku don yanzu ba abin da zai hana shi bushewa.

Wanki yana rage maganin ne amma wani ya riga ya shiga ɓawon, don haka in na yara ne ko zaki dafa ɓawon a shayi kullum, ki nemi wanda aka rubuta udwi (wato organic) a jiki, ko ki jira lokacin sanyi da lemon garuruwan Najran da Al'ula na nan Saudiyya ke shigowa ki tambayi mai kayan ko an fesa masa kaki.