Yadda ake saba wa raken ɗakin gwaji da iskar waje

Raken da aka tsiro a kwalba, irin wanda ake samarwa a ɗakin gwaji a Samaru ta Zariya, bai san rana ba, bai san iska ba. Ganyensa ba ya iya riƙe ruwa, shi ya sa wanda aka dasa kai tsaye a fadama yake yaushi tun kafin azahar.

Da an ciro shi, a wanke saiwar da ruwa mai tsabta har sai kunun nan mai santsi da ya tsiro a ciki ya fita tas. Akwai sukari a cikinsa, ko kaɗan ya saura zai jawo fumfuna, gindin ya ruɓe. Nan aka fi yin asara. A tsoma saiwar a maganin fumfuna, a rage tsawon ganye, sai a dasa ɗaya-ɗaya a ƙaramar leda mai huji.

Ƙasar leda: jar ƙasa, yashi da takin da ya ruɓe sarai, kowanne kashi ɗaya. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi.

A ajiye su a inuwa, a lulluɓe da farar leda kwana 10 zuwa 14, ana yayyafi safe da yamma, ban da jiƙa ƙasar sharkaf. Daga nan a riƙa ɗaga farar ledar kaɗan-kaɗan. Da hunturun Zariya kuwa kada a yi gaggawa, busasshiyar iskar nan ba ta da sabo.

Bayan kamar mako 6, in ya yi ganye 4 ko 5, a kai gona da la'asar, a bar santimita 60 tsakaninsu, a ba da ruwa nan take. Girbin farko iri ne, ba na kasuwa ba.