Kurakuran da aka fi yi wajen karanta kwanan wata a tsofaffin takardun Yahudawa

Mai bin tarihin Yahudawan Turai daga ƙarni na 16 zuwa na 18 yakan ci karo da kwanan wata irin "20 ga Adar 376" (Adar sunan wata ne a kalandarsu) a wasiƙa, ko takardar aure, ko bangon littafi. Da yawa sai su garzaya intanet, su zuba lambobin a manhajar sauya kalanda, su kwafi abin da ta ba su. A nan ake yin ɓatan kai.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kalandar Yahudawa tamkar ta Hijira, tunda duka biyun da wata suke tafiya, kuma yini a cikinsu da faɗuwar rana yake farawa. Amma ta Yahudawa ba ta barin watanni su zagaya damina da rani. A cikin kowace shekara 19, shekaru 7 na samun wata na goma sha uku, wato a yi Adar sau biyu, domin idin Pesah, wato Idin Ƙetarewa, ya tsaya a bazara. Shi ya sa wata shekarar ke da kwana 353 zuwa 355, wata kuma 383 zuwa 385. In ka ga "Adar" tsura, fara duba ko shekarar mai Adar biyu ce, in ba haka ba ka yi kuren wata guda cur.

Sai lambar shekara. Yahudawa na ƙirga daga halittar duniya bisa lissafin malamansu, kuma marubutan wancan zamani sukan yar da dubban. Saboda haka 376 na nufin 5376. Gyaran mai sauƙi ne: ƙara 1240 a kan gajeriyar lambar. An kori masanin falsafa Spinoza daga jama'ar Yahudawan Amsterdam ranar 6 ga Av 5416. Haɗa 416 da 1240, ka samu 1656, ranar kuwa 27 ga Yuli ce. Sai dai shekararsu a watan Tishri take kamawa, wajen Satumba ko Oktoba, don haka duk abin da ya faru daga Tishri zuwa ƙarshen Disamba sai ka rage ɗaya. Wannan ragin ne aka fi mantawa. Masu buga littafi kuma sukan ɓoye shekarar a cikin aya, su ƙara wa wasu haruffa girma, mai karatu ya tara ƙimarsu, kamar ramzin da malamanmu ke rufe waƙar ajami da shi. Manyan haruffan kaɗai ake tarawa, ba ayar duka ba.

Babban ramin da ya fi cin mutane ba ma a kalandar Yahudawan yake ba, a ta maƙwabtansu Kiristoci yake. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba. Italiya da Sifen da Fotugal da Poland suka bi nan take. Yankunan Jamus masu bin Furotesta suka ƙi sai 1700, Ingila sai 1752, Rasha sai 1918. Ga abin da hakan ke jawowa. A 1614 wani mai gasa biredi, Vincenz Fettmilch, ya jagoranci wawashe unguwar Yahudawa a Frankfurt, aka kore su daga garin. Ranar da aka zartar masa da hukuncin kisa, sojojin sarkin daular suka rako Yahudawan suka koma gidajensu, suka mai da ranar biki na shekara-shekara, 20 ga Adar. Littattafan tarihi sun ce 28 ga Fabrairu 1616. Manhaja za ta ce maka 9 ga Maris. Babu wanda ya yi ƙarya: Frankfurt na kan tsohuwar kalanda a lokacin, tazarar kuma kwana 10 ce. Kafin ka ce wani masani ya yi kuskure, tambayi kanka a wane gari aka rubuta takardar, kuma wace kalanda hukumar garin ke bi a shekarar. A ganina duk wanda bai yi wannan tambayar ba bai fara aikin ba tukuna.

Yahudawan da kansu sun san wannan rikici fiye da kowa, domin ɗan kasuwa ba ya wasa da ranar cin kasuwar birnin Leipzig na Jamus ko ranar biyan bashi. Littattafan lissafin kalanda da suke kira sifre evronot sukan jera bukukuwan Kiristoci da ranakun manyan kasuwanni kusa da nasu watannin. Wanda ya zaci sun rufe kansu a cikin nasu lokacin kaɗai bai duba waɗannan shafuka ba.

Sa'o'i ma akwai tarko. Sa'ar ibada ba minti 60 ba ce: ana raba hasken yini gida 12, ta yi tsawo lokacin zafi, ta gajarta lokacin sanyi. A lissafin tsayuwar wata kuwa, sa'a kashi 1080 ake raba ta, wata guda ya zama kwana 29 da sa'a 12 da kashi 793. A Italiya ta wancan zamani agogon gari daga faɗuwar rana yake fara ƙirga sa'a 24, saboda haka "ƙarfe 23" a wasiƙar Bayahuden Venice dab da almuru ne, ba tsakar dare ba. Haihuwa ko rasuwar da ta auku bayan rana ta faɗi kuma a kwanan gobe ake rubuta ta.

In takardar daga Yaman ta fito, kada ka taɓa 1240. Yahudawan can sun ci gaba da ƙirga shekaru daga zamanin Seleucus, wani sarki ɗan Girka, wajen 311 kafin haihuwar Annabi Isa, har cikin ƙarni na 20, alhali na Masar sun bar wannan ƙirgar tun ƙarni na 16.