Yadda Za a Kare Yaro Mai Tafiya a Ƙasa Daga Haɗarin Mota

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafin yaro ya kai wajen shekara 10, bai gama iya auna gudun mota da nisanta ba. Yakan hango ta ya ɗauka da sauran tazara, alhali motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cinye kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Ga shi kuma gajere, har motar da aka ajiye a gefen titi takan ɓoye shi ɗungurungum daga idon direba.

Saboda haka, ƙaramin yaro ba ya tsallaka titi shi kaɗai. Ka riƙe shi a wuyan hannu, domin yatsu suna saurin suɓucewa idan ya fizge, sannan ka sa shi ta ɓangaren da ke nesa da motoci.

Koyarwar kuwa a bakin titin ake yin ta. Ku tsaya tare, ku dubi dama da hagu, ku saurara, ku sake dubawa, sannan ka tambaye shi: "Yanzu mu wuce ko mu jira?" Ka bar shi ya yanke, ka gyara masa idan ya kuskure. Ya tsallaka a miƙe ba da gudu ba, kada ya ɓullo daga tsakanin motocin da aka ajiye, kada kuma ya bi ta gaban bas ɗin da ya sauka daga ciki. Idan ƙwallonsa ya gangara kan titi, ya bar shi. Duk wannan aikin banza ne idan gobe ya gan ka kana ratsa titi da waya a kunne.

Inda babu hanyar masu ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma da almuru a sa masa tufafi masu haske.

Direba ma yana da nasa kason. Kusa da makaranta ko cikin unguwa kada ya wuce kilomita 30 a awa, kuma kafin ya ja da baya daga ƙofar gida, ya zagaya motar da ƙafarsa ya tabbatar babu yaron da ya tsuguna a bayanta.