Yadda ake gane ciwon baifola mai haɗa damuwa da zumuɗi lokaci guda, da yadda ake maganinsa

Abin da yawancinmu muka sani game da baifola shi ne mutum ya yi makonni a kwance cikin damuwa, sai kuma wani lokacin ya miƙe kamar an sa masa caji, surutu ba birki, kashe kuɗi, ba barci. To akwai wanda abin biyun ke haɗe masa a rana ɗaya, kuma shi ya fi haɗari, don zuciya ta yi baƙi ƙirin yana ganin rayuwar ba ta da amfani amma jiki na da ƙarfin aikata abin da zuciyar ke raya masa. Mai damuwa zalla sau da yawa ko tashi daga katifa ba ya iyawa, wannan kuwa ya iya.

Ku fara da barci. Mutum ya yi awa biyu ko uku, ƙarfe ukun dare yana ta kaiwa da komowa a tsakar gida, tunani na gudu a kansa ɗaya na korar ɗaya, yana magana da sauri ba ya bari a sa baki, amma abin da yake faɗa duk na kuka ne, ni ban da amfani, na cuci kowa, gara in mutu in huta. Ga saurin fushi, ƙaramin abu ya fasa kofi. A gida sai a ce baƙin hali ne ko an yi masa sammu, ko iska ce. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma dan Allah a haɗa da asibiti.

Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da gwajin jinin da ke nuna baifola, labari yake bi. Tun 2013 da aka fitar da littafin DSM-5 a Amurka, wanda likitoci ke bi wajen gane ciwukan ƙwaƙwalwa, ƙa'idar ita ce mutum na cikin ɓangare ɗaya, damuwa ta aƙalla sati biyu ko zumuɗi na sati ɗaya (kwana huɗu in mai sauƙi ne), sannan a samu alamomi aƙalla uku na ɗaya ɓangaren a tare. Shi ya sa ku je da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, don mara lafiya damuwar kawai zai faɗa, ba zai ce ya yi dare biyar bai runtsa ba kuma bai gaji ba. Ku faɗi in akwai mai irin ciwon a dangi. Ku kwashi duk abin da yake sha ku kai, tiramadol, wiwi, kodin, har ƙwayar ƙiba irin su dexamethasone da wasu mata ke sha, don ita kaɗai tana iya birkita mutum haka. Za a duba halittar nan ta wuya mai kawo maƙoƙo ma (thyroid), ko aikinta ya yi ƙaranci ko ya yi yawa.

Nan ne inda aka fi yin ɓarna: a ga mutum na kuka sai a je kemis a karɓo maganin damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine. In aka ba mai wannan ciwon irin wannan maganin shi kaɗai, zai iya ƙara masa wuta, barcin ya ƙarasa gudu, fushin ya ninka. Abin da likitoci suka fi bayarwa shi ne valproate ko carbamazepine, ko olanzapine, quetiapine, aripiprazole, wani lokacin a haɗa biyu. Maganin lithium ba ya cika aiki in damuwa da zumuɗi sun gauraya kamar yadda yake yi a zumuɗi zalla, amma an san shi da rage haɗarin kashe kai, sai dai yana son gwajin jini da ƙoda akai-akai, kuma ba ya shiri da ƙishirwa, wato zafin bazara, gudawa, azumi, duk a tuntuɓi likita, kuma kar a haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen.

Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun farko, valproate na nakasa jariri, kusan 1 cikin 10. Carbamazepine kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Olanzapine na sa ci da ƙiba, a riƙa duba suga.

In ya fara maganar mutuwa, ko rabon kayansa, ko neman yafiya ba dalili, ba a jira ranar ganin likita. A kawar da fiya-fiya, wuƙa, igiya da tarin ƙwayoyi, kar a bar shi shi kaɗai, a wuce asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. In magani ya ƙi ci akwai jiyyar lantarki da ake yi bayan an sa mutum barci, tana aiki sosai duk da tsoron da ake ji.

In ya samu sauƙi kar a ajiye magani don an ga ya warke, yanke lithium farat ɗaya ma kan dawo da ciwon da wuri. A riƙe lokacin kwanciya ɗaya, a rage shayi mai ƙarfi da goro da daddare, kuma dare biyu a jere ba barci, a kira likita.