Yadda na gyara layin jan ƙarfe mai zafi

Allon lantarkin (farantin da ake jera kayan lantarki a kai, layukan jan ƙarfe na haɗa su) da na zana don sarrafa injin lantarki mai juyawa yana jan amfiya 10, amma layin da ke ɗauke da wutar faɗin milimita 2 kacal na ba shi. Minti kaɗan sai ya yi zafi, ba ya taɓuwa. Da na koma lissafin IPC-2221, wato ƙa'idar zana allunan lantarki, na ga jan ƙarfe mai kaurin maikiromita 35 yana buƙatar faɗin kusan milimita 7 in ana so zafin ya ƙaru da digiri 10 kawai. Wuri bai isa ba. Sai na raba hanyar sama da ƙasan allon, na ɗinke su da ƙananan ramuka masu yawa, waɗanda jan ƙarfen cikinsu ke haɗa sama da ƙasa. Ashe ma siraran ƙafafun jan ƙarfen da manhajar zanen ta sa a inda ake jona waya da allon su ne ke matse wa wutar hanya; na cike su. Yanzu ɗumi kawai yake yi.